Ɗigon da Na Ƙara a Tsakiyar Fatar Ido

A makona na farko a asibitin Gwaggo Hadiza na jefa kwalbar magani a kwandon shara, sabuwa fil, ko buɗe ta ba a yi ba. Shekarata sha biyar lokacin. Na taho da gorar zoɓona tun daga Mpape, na buɗe firiji na ga babu wurin ajiyewa, sai ga wata 'yar kwalba da ba ta kai babban yatsana ba ta mamaye bene guda ita kaɗai kamar matar minista a bayan mota. Na ɗaga ta a haske, na leƙa ta sama, na leƙa ta ƙasa, ban ga komai a ciki ba. Na ce ikon Allah, asibiti guda ana ɓata wuta wajen sanyaya iska. Na wurga ta, na kwantar da zoɓona a gurbinta.

Gwaggo ƙanwar babana ce, likitar ido, ta yi shekaru a asibitin gwamnati kafin ta buɗe nata ɗan ƙarami. Da la'asar ta buɗe firijin, ta ga gorar zoɓona a gurbin kwalbar.

"Sagir, ina kwalbar da ke nan?"

"Wacce, Gwaggo? Wannan da babu komai a ciki? Ai na share miki ita."

"A nan sunana Dakta. Je ka ɗauko min ita."

Na tono ta daga cikin ɓawon ayaba, a bayan gini, inda rana ta yini tana gasa ta. Gwaggo ta karkata gindin kwalbar ta nuna min wani ɗan farin dishi-dishi, kamar inda mutum ya hura numfashi a gilashi.

"Ka ga wannan? Shi ne maganin gaba ɗaya. Aikin mutum uku ka zubar don ka sha zoɓo mai sanyi."

Ban ƙara shan zoɓo a ginin nan ba har yau, kuma yanzu shekarata sha tara.

Na faɗi wannan ne don ku, ku 'yan unguwarmu da kuka je otel kuka yi kwas na kwana uku, aka ba ku takarda mai bakin zinare, kuka dawo kuna sa farar riga a hoto. Wani daga cikinku ko allurar kaza bai taɓa yi ba, amma ya buɗe shafi yana tallar allurar botoks, wai a zo a goge tamojin goshi kafin biki. Kuna cewa ai tsira allura ce kawai, ɗis, ɗis, an gama. To ni shekara huɗu ke nan ina cikin ɗakin da ake yin ta, kuma ban taɓa soka wa ɗan Adam ita ba. Ba don hannuna yana rawa ba. Don na san abin da ke cikin kwalbar, ku kuwa ba ku sani ba.

Guba ce. Wata ƙwayar cuta ke yin ta, aka tace ta, aka rage mata ƙarfi har ta zama magani. Aikinta ɗaya ne tak: duk tsokar da ta shiga sai ta kwantar da ita, ta daina motsi wata uku ko huɗu. Ba ta san tsokar da ke damun mutum ba, ba ta san wadda yake rayuwa da ita ba, inda aka zuba ta nan take aiki. Kuma in ta shiga ta shiga. Babu allurar da za a yi a janye ta, babu rubutu, babu sabulu. Jira kawai ake yi.

Aikina shi ne firiji, kuma kada wanda ya yi dariya. Sau biyu a rana ina duba ma'aunin sanyi. In aka ɗauke wuta, kafin fankar silin ta gama juyawa na riga na isa wurin janareto, wata rana har takalmina ɗaya ya riga ni isa. In janareton ya ƙi tashi, akwai kula mai ƙanƙara a ƙarƙashin tebur, ina kwashe kwalabe a ciki kamar mai kwashe ƙwan zabo. Ni ke jera sirinji, siraran nan da allurarsu ba ta fi gashin gira ba, kowane mutum da nasa sabo. Ni ke kawo ruwan gishiri na asibiti da ake narka maganin da shi, Gwaggo ta zuba shi a hankali ta jikin kwalba, ta juya ta tsakanin yatsu, ba a girgiza ta kamar fura. Ni ke ɗaukar hoton fuska kafin a yi da bayan an yi. Ni ke riƙe kan mutum. Sai kuma farin fensir, wanda Gwaggo ke ɗiga alama da shi a fata kafin allura ta taɓa ko'ina. Wannan fensirin ku riƙe shi a ranku.

Akwai wani darakta daga ɗaya daga cikin ma'aikatun nan da ya fara zuwa ta ƙofar baya, ya ja hula har gira, ya ce ciwon kai ke damunsa. Gwaggo ta ce ya ɗaure fuska, ya ɗaure. Ta ce ya ɗaga gira, ya ɗaga. Goshinsa ya yi kunya-kunya kamar gonar doya.

"Ranka ya daɗe, ciwon kan ne ko layukan?"

"To, Dakta, in za a iya haɗawa duka."

Minti ashirin ta yi tana sa shi yamutsa fuska kafin ta ɗiga alama ko ɗaya, domin girarsa ta hagu ta fi ta dama ƙarfi, in aka yi musu daidai zai fita yana kallon ma'aikatansa kamar kullum yana zarginsu da sata. Minti ashirin na kallo, minti biyu na allura. Ku minti biyun kuka gani a bidiyo.

Irin su ne rabin masu zuwa, daraktoci da hajiyoyin ofis. Ɗaya rabin ba ku taɓa jin labarinsu ba. Akwai bakanike daga Apo da wuyansa ya murɗe gefe guda, har sai ya juya jiki gaba ɗaya kafin ya ga inji. Akwai yaran da tsokar ƙafarsu ta ƙage ba sa iya taka ƙasa da dunduniya. Sannan akwai Baffa Buba.

Baffa Buba Bafulatani ne, rugarsu na bayan Orozo, dogo, siriri, sandarsa ba ta rabuwa da kafaɗarsa. Idonsa lafiya lau yake, yana hango saniyarsa daga inda ni ko dutse ba na hangowa. Fatar idon ce matsalar. Haka kawai sai ta matse, ta kulle gam kamar an watsa masa barkono, ya tsaya cak a inda yake har sai ta ga dama ta saki. Ta taɓa kulle masa a tsakiyar titin Karshi da shanu a gabansa. An yi masa hayaƙi, an yi masa wanki, an ce iska ce. Ɗansa Juli ne ya kawo shi wurinmu, Gwaggo ta ce tsokar da ke zagaye da ido ce ta fi ƙarfin aikinta, za a ɗan kwantar da ita.

Ranar farko na riƙe masa kai ina jira ya zabura, don daraktan nan har salati yake ja da ƙarfi. Baffa ko numfashinsa bai sauya ba.

"Baffa, da zafi?"

"Ɗana, ƙudan shanu ya fi wannan iya cizo."

Gwaggo na ɗiga alamar tana yi min bayani, kamar yadda take yi kullum. Kusurwar ido ta ciki, kusurwar waje, ƙasa, gefen gira. Sai ta ɗora bayan fensirin a tsakiyar fatar ido ta sama ta ce, "Nan kuwa ba a taɓawa. A ƙarƙashin nan tsokar da ke ɗaga fatar take. Ka kwantar da ita, ka rufe wa mutum ido da hannunka." Ta faɗa min haka ya fi sau ɗari. Na ji. Wallahi na ji.

Bayan mako guda Juli ya kira ya ce Baffa ya kora shanu har rafi shi kaɗai. Tun daga nan duk wata uku sai ya zo, da ƙwaryar nono wadda Gwaggo ta hana ni sa wa a firijin magani.

Ga yadda Gwaggo ta tsara abin. Kwalba in an narka ta ba ta daɗewa, dole a yi amfani da ita a kan lokaci, kuma abin da idon Baffa ke buƙata bai kai kwalba guda ba. Sai ta riƙa haɗa ranar: hajiya biyu da safe, Baffa da azahar, duk daga kwalba ɗaya, kullum ranar Alhamis. A asibiti muna kiranta Alhamis ɗin Baffa. Hajiyoyin ba su taɓa sanin cewa goshinsu ne ke buɗe wa wani tsoho ido a Orozo ba.

Sai shekarar da kuka ɓullo. Kowane shagon gyaran gashi ya kafa labule a baya, kowace mai kitso ta zama likita. Magani na yawo a jakar hannu, cikin zafin Abuja, daga mota zuwa mota, ba wanda ya san daga inda ya fito ko abin da ke cikinsa. Hajiyoyinmu suka bi araha da kusa, ana yi musu suna shan lemo ana gyara musu farce. Firijina ya koma kamar masallaci bayan sallar Idi. Wata guda sai ya wuce ba mu narka kwalba ko ɗaya ba.

A cikin masu ɓullowar akwai Nazifi, abokina tun firamare, gidansu na ƙasan namu a Mpape, in an yi ruwa takalman gidanmu a tsakar gidansu ake tsinta. Yana aiki a wani shagon gyaran gashi a Karu. Wata Asabar da rana muna zaune a gidan kallon ƙwallo ana jiran a dawo daga hutun rabin lokaci, ya ce wai ni ɗan shara ne kawai a asibitin.

"Ni? Ni da nake iya yin allurar nan ido rufe, ina cin gyaɗa da ɗaya hannun?"

"Ƙarya kake, Sagir."

"Kawo fuskarka."

Farin fensirin na aljihuna, na manta ban ajiye ba. Na zaunar da shi a benci, yara suka kewaye mu, na fara ɗiga masa alama ina kwaikwayon muryar Gwaggo. "Ranka ya daɗe, ɗaure fuska. Ranka ya daɗe, wannan goshi ai sai tarakta." Ana ta dariya. Na yi goshi, na zagaye ido, kusurwa, ƙasa, gefen gira. Na ja baya na duba, sai na ga saman idon ya yi fili, zanen bai cika ba. Don ya yi kyau, don a ƙara dariya, na ɗiga ɗaya a tsakiyar kowace fatar ido. Wani yaro ya ɗauke mu hoto da wayar Nazifi, ni da fensir a hannu, shi da fuska kamar zabuwa. Aka dawo wasa, na manta da zancen.

A lokacin Alhamis ɗin Baffa ta riga ta wuce sau biyu, babu hajiya ko ɗaya da za a narka kwalba dominta. Idonsa ya koma kullewa. Kuma lokacin tashi ya matso. Gine-gine sun cinye burtalin da ke kusa da rugarsu, ciyawa ta ƙare, za a kora garken zuwa gefen Nasarawa inda akwai ruwa, tafiyar kwanaki a ƙafa. Baffa ne ke gaba a wannan tafiya tun kafin a haifi Juli. Dangi suka zauna suka ce in ido bai buɗe ba kafin ranar, sanda ta koma hannun Juli, Baffa ya zauna a ruga da tsofaffin mata da maruƙa.

Juli ya zo ya gaya wa Gwaggo haka. Ta ce ta riga ta yi odar kwalba don Baffa shi kaɗai, ko da sauran zai lalace, amma sai ta iso cikin ƙanƙararta daga inda ta amince, kwana goma. Tashi saura mako uku. Lokaci zai isa, in an jira.

Ba a jira ba. 'Yar Baffa tana sai da fura a bakin layin shagon su Nazifi a Karu, ya ji tana ba da labarin idon babanta, ya fito da waya ya nuna mata hoton nan.

"Kin san wannan? Sagir ne, yaron Dakta. Shi ya koya min da hannunsa. Ku kawo tsohon gobe."

Ta san ni, ni ke karɓar ƙwaryar nono a hannunta.

Ranar da kwalbarmu ta iso, ranar Juli ya shigo yana jan Baffa da sanda, shi a gaba, tsohon a baya. Na taɓa ganin idon Baffa a kulle, amma wannan daban ne. Babu matsewa, babu yamutsewa. Fatar ta sauko ne kawai, sumul, duka biyun, kamar an saki labule. Sai ya sa yatsa ya ɗaga ɗaya kafin ya ga kujera.

Gwaggo ta haska fitila, ta ga ɗan tabon allura a tsakiyar kowace fata. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi min sauƙi.

"Wa ya yi wannan?"

Juli ya miƙa mata wayarsa, Nazifi ya tura masa hoton don ya nuna wa dangi. Ta duba, ta buɗe hoton da yatsu biyu har ɗigon ya cika fuskar wayar, sannan ta juyo da ita gare ni.

"Fensirina ne wannan?"

"Wasa ne, Dakta. A gidan ƙwallo ne, wallahi wasa..."

"Sau nawa na ce maka ba a taɓa nan?"

Baffa ya ɗaga fatar idonsa da yatsa ya nemo ni a ɗakin.

"Sagir, an ce kai ka koya masa. Shi ya sa na zauna."

Juli ya tambaya ko za a yi masa tamu allurar ta gyara waccan. Gwaggo ta ce tamu ma kwantarwa take yi, ba ta tayarwa. Akwai maganin ɗigawa da zai ɗan taimaka kaɗan, sauran sai jira, mako shida, wataƙila takwas, tunda ba wanda ya san abin da aka zuba ko yawansa. Juli ya ce saura kwana goma sha ɗaya. Ta ce ta sani.

Washegari na hau mota har Karu. Na tarar da Nazifi da farar riga, an rubuta Dakta Naz a ƙirji da zare shuɗi, kwalabensa na cikin firijin shagon tare da lemo da ragowar shinkafar wani.

"Ka rufe wa tsoho ido, Nazifi."

"Oga Sagir, yi a hankali, akwai kwastoma. Yadda ka zana haka na bi, ɗigo bayan ɗigo. Ko ɗaya ban tsallake ba."

"Wasa nake yi, ɗan iska! A gidan ƙwallo!"

"To ni na san wasa ne? Ai ba ka rubuta a jiki ba. Kuma ba ka ce zai dawo daidai ba? To mene ne abin ihu?"

Zai dawo daidai. Wannan maganar ce ta sa nake rubuta duk wannan, domin ita kuke faɗa dukanku. Baki ya karkace, zai dawo. Gira ta faɗo, za ta dawo. E, tana dawowa. Amma mako bakwai na mutumin da kuka soka ba naku ba ne da za ku ce ba komai. Kun san abin da zai yi da su? Kun tambaye shi? Na ɗaga hannu zan mare shi, mai shagon ta fito da abin busar da gashi tana cewa za ta kira 'yan sanda, na fita ina zagin har allon shagon.

Baffa ya gwada duk abin da zai iya. Ya sa aka manna masa fatar sama da filasta, ya fita da shanu gwaji, kafin azahar idon ya bushe ya yi ja kamar gauta, Gwaggo ta ce in ya ƙara zai jawo wa ƙwayar idon gyambo, wannan kuwa ba ya dawowa. Ya gwada tafiya da yatsa ɗaya a ido, ɗaya hannun da sanda, ya faɗa rami a bayan ruga. Gwaggo ta tura ni Orozo sau uku in kai maganin ɗigawa, ta ce tunda ni na iya zane, in je in ga zanena. Ban taɓa jin ya ambaci hoton ba bayan ranar farko. Kullum sai ya sa a kawo min nono.

Gwaggo ta karɓe fensirin, yanzu a aljihun rigarta yake kwana. Wata shida ba ta bar ni na shiga ɗakin allura ba, daga firiji sai janareto.

Garken ya tashi ranar da aka sa, Juli a gaba da sandar. Fatar idon Baffa ta fara ɗagawa a mako na shida, ta buɗe sosai a na bakwai, lokacin shanun sun daɗe da isa. Da damina suka dawo, sandar ba ta koma hannunsa ba, dangi sun ce Juli ya iya hanya. Nazifi ya goge hoton, ya koma wani shago a wata unguwa, har yanzu yana yi. Baffa Buba yana zuwa duk wata uku ranar Alhamis, ni nake riƙe masa kai, kuma saniya biyu aka bar masa a ruga.